Albin da Barewa Mai Hayaƙi

A duk ƙauyenmu na Jelnik babu wanda ya kai Albin Kodra iya harbi, in dai daga bakinsa za ka ji labarin. Da baki ya kashe aladun daji ba adadi, da baki ya taɓa kakkaɓo shaho daga cikin gajimare, kuma duk a wuri ɗaya ya yi wannan ɓarna, wato teburin kusa da murhu a mashayar Pepca. Abin da ke ɓata masa labarin kawai shi ne bangon da ke bayan teburin.

A bangon nan ake rataye allunan gasa. Kowace shekara, in zafi ya fara ja baya, ƙungiyar maharba takan sa a zana barewa a faffaɗan katako, a kafa shi a hayin rafi, kowa ya yi harbi ɗaya tak. Wanda harsashinsa ya fi kusa da zuciyar barewar, sai a rubuta sunansa a ƙasan allon, a soka masa ɗanyen reshe a hula, a rataye allon a mashaya har abada. Sunan marigayi mahaifin Albin yana kan alluna biyar. Sunan Rajko, ƙanin matarsa, yana kan uku. Shi kuwa gogan naka ya haura sittin, gashin bakinsa ya yi fari fat, amma ko gefen allo bai taɓa ɓantara ba. Shi ya sa kullum yake zama ya ba bangon baya. Muna dariyarsa, amma mun san abin yana cinsa a rai ƙwarai da gaske.

Uzuri kuwa ba ya ƙare masa. Wata shekara iska ce, wata shekara rana ce ta haske masa ido, wata shekara ƙuda ne ya sauka masa a hanci. Bana da aka ce za a matsar da allon zuwa mita ɗari uku, kowa ya zo da madubin hange a bindigarsa, sai Albin ya daki teburi har kofuna suka yi tsalle.

"Yawwa! Yanzu aka zo wurin! Ni dama kusa-kusa ne ke ba ni wahala. Hannuna na nesa ne."

"Haka ne, Mijin Yaya," in ji Rajko. "Shi ya sa duk harsasanka suke wuce allon su tafi nesa."

"Yi dariyarka, yaro. Pepca, ki tanadi ƙusa, kusa da na babana nake so."

Pepca ta ce ƙusa tana nan tun shekara talatin, har ta yi tsatsa.

Washegari Albin ya sa koriyar rigarsa ta maharba, ya hau bas sai birni. A shagon kayan farauta wata budurwa ta tambaye shi nisan da zai harba, ta ɗauko masa wani madubi madaidaici, ta ce wannan yana kusanto abu sau goma sha biyu, ya ishe shi har ya yi saura. Albin ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na can saman kanta, inda aka girke wani ƙaton abu mai tsawon taɓarya.

"Wancan fa?"

"Wancan na masu gasar mita dubu ne, Baba. Sau hamsin yake kusantowa. In ka murɗa shi har ƙarshe, ɗan wuri kaɗan za ka riƙa gani, sai ka rasa inda kake kallo."

"'Yata, kin san da wa kike magana?"

"A'a, Baba."

"To shi ya sa. Naɗe min shi."

Da ya iso gida ya tarar da matarsa Zofka tana tace zuma a ɗakin girki. Ita ce mai amyoyin da suka fi na kowa albarka a kwarin nan, kuma mace ce da ba ta ɓata magana. Ta dubi abin da ya kwance daga kwali, ta dube shi.

"Ashe ka tuna bututun murhunmu ya tsage. Sannu da ƙoƙari."

"Madubi ne, mace! Da wannan zan iya ƙirga gashin idon barewa daga nan."

"To in ka gama ƙirgawa, itace yana jiran faskare."

Kafin ma a ɗora shi a bindiga, Albin ya hau bene da shi, ya ɗora a kan taga, ya murɗa shi har ƙarshe, ya shiga leƙen duniya. Da farko kore kawai yake gani. Can sai koren ya motsa, wani baƙin hanci ya cika madubin, ga ƙananan idanu, ga gashi tsaitsaye. Ya yi baya da sauri har ya ture kujera.

"Aladen daji! Aladen daji a lambun Ludvik! Ya kai girman saniya!"

Nan da nan ƙauye ya hautsine. Mata suka kwashe yara suka rufe ƙofofi. Maza suka fito da karnuka da cebur da murafen tukwane suna bugawa. Fada ma ya fito daga coci da sandar tsintsiya, ya tsaya a bayan kowa yana ba su ƙarfin gwiwa. Albin na saman bene yana ba da umarni, dama, hagu, bayan itacen tuffa, ku yi hankali da haurensa. Aka zagaye itacen tuffa. Rajko ya sunkuya, ya cire hularsa, ya kife ta a kan dodon, ya ɗago shi sama kowa ya gani. Bushiya ce, 'yar ƙarama, ta dunƙule don tsoro.

"Mijin Yaya!" Rajko ya ɗaga murya. "A gasa maka shi gaba ɗaya, ko a raba wa ƙauye?"

"Ku duba da kyau," in ji Albin daga sama. "Uwar tana kusa."

Ludvik, mai lambun, shi ne mai zanen ƙauyenmu, kuma dole in faɗi wani abu game da shi. Mutumin kirki ne, amma abu ɗaya ya iya zanawa a duniya, wato barewa mai ƙaho tana tsaye a gindin itace ta ɗaga ƙafar gaba. Ita ce a allon gasa duk shekara. Ita ce a allon ƙofar mashaya. Ita ce a 'yan allunan da masu zuma ke maƙalawa a goshin amyoyinsu don ado. Da Fada ya ce ya zana ɗan rago a bangon coci, ragon ya fito ya ɗaga ƙafar gaba, kuma in ka lura da kyau akwai wurin da aka shafe ƙaho. Ludvik ya dubi gadajen latas ɗinsa da aka tattake, ya ce wa Albin kada ya ƙara leƙa masa lambu da wannan masifar.

Aka shiga horo. Albin ya ɗaure madubin a tsohuwar bindigar mahaifinsa, bindigar ta koma kamar jaki ɗauke da gungume. Ya kwanta a filin harbi, ya manna idonsa a jikin madubin sosai don kada komai ya kuɓuce masa. Rajko ya ce ya ja fuskarsa baya kaɗan.

"Kai za ka koya min? Ina harbi kana cikin zanen goyo."

Ya ja kunama. Bindiga ta yi tsawa, ta ja baya, bakin madubin ya sare shi a gira. Ya tashi zaune jini na bin hancinsa, da zoben shaida zagaye da idonsa.

"Ya samu?" ya tambaya.

"Ya samu mana," in ji Rajko. "A tsakiya ma kuwa. Ba mu taɓa ganin ka samu abu haka ba."

Zofka ta wanke ciwon, ta shafa masa zuma, ta liƙa filasta. Albin ya gaya wa mutanen mashaya cewa duk manyan maharba suna da irin wannan tabo, da shi ake gane su a taron ƙasa da ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya sai murɗe-murɗe. Madubin yana da 'yan maɓallai sama da gefe, Albin kuwa bai yarda a bar maɓalli ya huta ba. In harsashi ya tafi dama, sai ya murɗa ya ƙara tafiya dama. Ya huda turken shinge. Ya aske reshen wani itace da ba ruwansa. Ya fasa tulun da ake tara ruwan sama a gefen filin, wanda tun zamanin kakanninmu yake zaune lafiya. Maharba suka daina zuwa horo in sun hango kekensa a jingine. Da Zofka ta ga abin zai kai ga asara, sai ta kira ƙaninta gefe.

"Ka je ka saita masa abin nan, kafin ya harbi hasumiyar coci."

"Yaya, ba zai bari in taɓa ba."

"Ka ce masa so kake ka koya."

Haka aka yi. Rajko ya je ya ce, don Allah Mijin Yaya a nuna masa yadda manya ke yi. Albin ya kumbura, ya tsaya a kansa yana bayani da hannu biyu, shi kuwa Rajko ya kwanta ya yi 'yan harbe-harbensa, ya daidaita maɓallan tsaf, har duk inda aka ɗora saiti nan harsashi ke faɗawa.

"Ka ga yadda na gyara maka hannu?" in ji Albin.

"Na gani, na gode. Amma abu ɗaya. Ranar gasa ka sassauta shi tukuna, ka nemo allon, ka ga filin gaba ɗaya, sannan ka kusanto."

"Sau hamsin na saya, sau hamsin zan yi aiki da shi. Ban sayi doki don in riƙa jansa a ƙasa ba."

Ana saura 'yan kwanaki gasa, Zofka ta ɗora amyoyinta a keken tarakta, ta kai su gangaren hayin rafi inda furanni suka buɗe, ta jera su can hagu da filin gasa, nesa da inda za a kafa allo. Ta tambayi Rajko ko wurin da haɗari, ya ce sai dai in mutum ya juya bindigarsa da gangan. Ta gaya wa mijinta da safe suna karin kumallo. Ta sake gaya masa da rana. Duk lokacin yana huhhura madubi yana gogewa da gefen rigarsa.

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, na ji. Zuma. Madalla."

Ranar gasa gari ya waye tas. Aka girka ƙatuwar tukunyar farfesun naman daji a bakin fili, mai akodiyon, kayan kiɗan nan da ake ja ana matsawa, ya zauna a kan ganga yana ja, Pepca ta jera kwalaben giyar zuma da ba a buɗewa sai an ajiye bindigogi. Can hayin rafi allon yana tsaye, barewar Ludvik ta ɗaga ƙafa. Ludvik da kansa yana cikin ramin da ke ƙasan allon da tutoci biyu. In an samu sai ya ɗaga ja, in an kuskure ya kaɗa fara.

Maharba suka yi ta harbi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya samu ƙaho, wani cinya, wani itacen. Rajko ya sa nasa ɗan yatsa biyu daga zuciya, aka yi tafi. Sai aka kira Albin Kodra. Ya taho a hankali, filasta a gira, ƙirji a gaba, ya ɗaga wa jama'a hannu tun bai yi komai ba. Ya kwanta, ya ɗora bindiga a buhun yashi, ya murɗa madubi har ƙarshe.

Kore. Ya matsa kaɗan, kore. Ya ɗaga, sama. Ya sauke, wata ciyawa ce ta tsaya masa a gaba kamar turken waya. Jama'a suka fara tari. Mai akodiyon ya cinye tsiran hannunsa ya karɓi wani.

"Mijin Yaya, ko a aika wa barewar ta matso?"

"Rufe min baki, iska nake karantawa."

A zuciyarsa kuwa tsoro ne zalla, don ya san in ya tashi bai ko ga allon ba, har ya mutu ba za a daina ba da labarin ba. Ya riƙa jan bakin bindigar hagu, hagu, yana addu'a a ɓoye. Kwatsam sai ga ta. Ƙaho, gindin itace, ƙafa a ɗage, ta cika madubin fal. Bai taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Ya ɗora saiti a zuciyarta, ya ja fuskarsa baya kamar yadda girarsa ta koya masa, ya riƙe numfashi, ya ja kunama a hankali. Wallahi harbi ne mai kyau, ko mahaifinsa sai haka.

Ya ga hudar da idonsa, baƙa, a tsakiyar zuciya. Ya yi tsalle ya miƙe ya wurga hularsa sama.

"Pepca! Ƙusa!"

Can hayin rafi Ludvik ya leƙo daga rami, ya dudduba allo sama da ƙasa, ya kaɗa farar tuta.

"Ƙarya ne!" Albin ya yi ihu. "Tsohon nan ya makance! A zuciya na sa mata! Ku zo ku gani da idonku!"

Rajko ya cire harsasan da suka rage, ya kwanta a inda bindigar take kan buhu ba a motsa ta ba, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Gaskiya ne, jama'a, a zuciya ya same ta. Sai dai, Mijin Yaya, barewarka tana hayaƙi."

"Hayaƙi kamar yaya?"

"Baƙin hayaƙi yana fita ta hudar. Kuma hayaƙin yana da fukafukai."

Zofka tana bakin tukunya da ludayi a hannu. Ta ajiye ludayin a hankali, ta kare ido da tafin hannu, ta dubi gangaren hagu inda amyoyinta suke jere, kowace da 'yar barewar Ludvik a goshinta.

"Albin," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ta uku daga dama. Ita ce mafi faɗa a cikinsu."

Ƙudan zuma suka tashi neman mai laifi, wanda suka fara samu kuwa shi ne wani tsoho a rami yana kaɗa musu farin ƙyalle. Ba mu taɓa sanin Ludvik yana da gudu ba sai ran nan. Ya fito daga rami, ya tsallake rafi ko gada bai nema ba, ya nufo mu kai tsaye yana kaɗa tutoci biyu, baƙin gajimare na biye da shi.

"Kada ka zo nan!" jama'a suka yi ta ihu. "Ludvik, yi can! Yi can!"

Ina! Nan ya zo. Fili ya watse. Mai akodiyon ya faɗo daga kan ganga, kayan kiɗansa ya yi wani kuka mai ban tausayi. Fada ya tattare rigarsa ya haye keken tarakta. Pepca ta rungume kwalabenta ta shige ƙarƙashin teburi. Manyan maharba masu alluna a bango suka yi ta marin kansu suna faɗawa rafi da huluna da komai. Albin ya tsaya yana cewa kowa ya natsu, ƙudan zuma sun san mai gidansu, ba za su taɓa shi ba. Bai rufe baki ba suka gaishe shi a lafiyayyen idon, suka ƙara masa a leɓe da kunne. Zofka kaɗai ta sa hular raga, ta kunna gwangwanin hayaƙinta, ta haye rafi a natse.

Da yamma aka taru a mashaya, kowa da kumburinsa, Pepca tana raba yankakkiyar albasa a shafa. Aka rubuta sunan Rajko a babban allo, aka rataye. Albin yana kujerarsa ya ba bango baya, ido ɗaya filasta, ɗayan ya kumbura ya rufe saura 'yar tsaga. Dariyar ma sai ta ƙi fita sosai, don mutumin ya ba mu tausayi.

Sai ga Zofka ta turo ƙofa, riƙe da ɗan allon amya wanda bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba, zuma na ɗiga daga gefensa. Ta ajiye shi a gaban ƙaninta.

"Sarauniyar ƙudan zuman tana da rai, don haka Albin ma zai rayu. Rajko, auna."

Rajko ya auna. Hudar tana tsakiyar zuciya, ko gashi ba ta kauce ba.

"Barewar Ludvik ce ko ba ita ba ce?" in ji Zofka.

"Tawa ce," in ji Ludvik ta kumburarren leɓe.

"A kan katako take ko a kan ruwa?"

"Amma Yaya, ba ita aka ce a harba ba."

"Ban ce a sauke naka ba. Shekara talatin ina kallon mutumin nan yana cin abinci ya juya wa ubansa baya. Ku rataye masa abinsa in huta, kafin baɗi ya sayo igwa."

Aka dubi juna. Pepca ta shiga ciki ta fito da ƙusa mai tsatsa. Ludvik ya ɗauko burushi, yana ƙunƙuni, ya rubuta Albin Kodra da ƙananan baƙaƙe, don wurin ba shi da yawa. Aka buga allon a ƙarƙashin na mahaifinsa. Rajko ya ciro reshen da ke hularsa, ya karya shi biyu, ya soka rabi a hular mijin yayarsa. Madubin kuwa Zofka ta kwance shi da hannunta. Yana kan tagar ɗakin girkinta yanzu, da shi take duba amyoyinta, da shi kuma take ganin ko mijinta yana faskare ko yana hira.

Albin ya tashi, ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, ya zauna. Ya buɗe kumburarren idon da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon sunansa a ƙasan sunan mahaifinsa. Hawaye ya gangaro masa, ya ce albasa ce.

Tun daga ranar haka yake zama. Kwanan baya wani baƙo mai yawon duwatsu ya tsaya cin abinci, ya bi alluna da kallo, ya nuna na Albin ya tambayi Pepca me ya sa wannan ya zama ɗan mitsitsi a cikin manya. Kafin ta buɗe baki Albin ya riga ya jawo kujera kusa da baƙon, yana murza gashin baki.

"Zauna, ɗana, in ba ka labari. Waɗancan manyan ai kowa ma zai iya samunsu."